Tabarau don aikin fanel, da batun wai doka ce ke korar masana'antu

(Muryar da aka turo a guruf ɗin masu gyaran kayan lantarki, an mayar da ita rubutu bisa roƙon wasu)

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Na ga saƙonni sun taru, to bari in yi magana da baki, don rubutun zai yi tsawo. Abu biyu na gani. Ƙaninmu ya ce shekarunsa sun haura arba'in, yanzu in ya ɗora fanel, wato allon cikin na'ura da ake dasa ƙananan sassa a kai, a gabansa, ƙafafun aisi (IC, ɗan sashen nan mai ƙafafu da yawa) haɗewa suke yi, sai ya ja kai baya kafin ya gani, yana tambaya ko ya je ya sayi tabarau na karatu mai lamba mafi girma ya huta. Sai kuma Injiniya ya shigo ya ce ai duk abin da zai saya, tabarau ne ko madubin ƙara girma, daga Chaina zai fito, kuma wai dokoki ne suka kashe masana'antu a Amurka da Turai, da za a sassauta su a lafta wa kayan waje haraji da komai ya dawo gida. To, zan fara da ƙanena, don nasa ya fi gaggawa.

Ƙanena, kwantar da hankalinka, ba ciwo ba ne. Akwai wani ɗan gilashi na halitta a cikin ƙwayar ido, shi ke kumbura ya lafa don ka ga kusa ka ga nesa. Da shekaru yana taurara, kamar robar da ta daɗe a rana. Yawanci daga arba'in ake fara ji, yana ci gaba har wajen sittin sannan ya tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2019, ta ce mutum wajen biliyan 1.8 ke da wannan. Kuma maganar da ake yi wai in ka fara sa tabarau ido zai lalace, ba haka ba ne. Ko ka sa ko ba ka sa ba, taurin nan tafiyarsa yake yi.

Amma kada ka sayi lamba mafi girma. Ka ji dalili. Lambar nan da kake gani a jiki, +1.50, +2.50, tazara take gaya maka. Raba 100 da lambar, abin da ya fito shi ne nisan da za ka fi gani tar, a santimita. +2.50 ya ba ka 40. +4 ya ba ka 25. +5 ya ba ka 20. +10 kuwa santimita 10 kacal, wato hancinka na kan fanel. Yanzu ka tuna abin da ke hannunka na dama: ƙarfen liƙi ne da bakinsa ya haura digiri 300. Hayaƙin fulaks, sinadarin da ke sa liƙi ya kama, yana tasowa kai tsaye cikin hancinka, kuma hayaƙin nan an san yana jawo asma ga masu wannan sana'a. Dalma tana fallatsa. Ƙafar rizisto in ka datse ta da kota, tashi take yi ba ka san inda ta nufa ba. Ga wuya, ga gadon baya. To ka ga girman da ka samu ka biya shi da tsada.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. In abu ya matso kusa sosai, dole idanu biyu su karkato ciki su haɗu a kansa. Tabarau na karatu na kanti ba ya taimaka maka a nan, kai za ka yi ta jan jijiyar. Shi ya sa mutum zai sa +5 ya ce kai, ina gani rangaɗau, bayan rabin awa goshi ya fara sara, abu ɗaya ya zama biyu. Irin wanda ake ɗaurawa a goshi ɗin nan, kamar OptiVisor na kamfanin Donegan, an yanka gilashinsa ne da ɗan karkata yadda zai ɗauke wa ido wannan wahalar. Mai lamba 5 yana ninka girma sau 2.5 a tazarar wajen santimita 20, mai lamba 10 sau 3.5 a santimita 10. Ni dai a nawa ganin, daga lamba 3 zuwa 5 nan aikinmu yake. Mai 10 na dubawa ne, ba na liƙi ba.

Abin da zan ce ka yi shi ne ka zauna a teburinka yadda ka saba, bayanka a miƙe, wani ya ɗauki tef ya auna daga idonka zuwa fanel. Ka tafi wa likitan ido da wannan lambar, ka ce masa tabarau nake so na wannan tazarar kaɗai. In ba ka faɗa ba, na karatun littafi zai yanka maka, wajen santimita 40. Kuma kada ka yarda da irin mai haɗe da nesa da kusa a gilashi ɗaya don aikin tebur, wurin ganin kusa ɗan siriri ne a ƙasa, za ka wuni kana ɗaga haɓa kana neman inda yake. Na kanti kuma ka sani lamba ɗaya ce hagu da dama, alhali da wuya idanun mutum su zo daidai, sannan tsakiyar gilashin an sa ta ne a tazarar kowa-da-kowa, ba taka ba. Wani dalilin zuwa wurin likita, a wannan shekarun ne hawan jinin ido ke shigowa shiru ba ciwo, masu ciwon suga kuma ganinsu kan yi ta canzawa. Tabarau na kanti sai ya rufe maka alamar.

Sannan haske, don Allah haske. Da yawa daga cikin waɗanda ke kukan ido a sana'ar nan fitila suke buƙata. Hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 bai fi kusan kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na ɗan 20 ba. In haske ya wadata ƙwayar ido tana tsukewa, abin da ke sama da abin da ke ƙasa a fanel duk su fito tare.

Yawwa, sai iyakar tabarau. Ƙananan sassan da ake dasawa a fanel da lamba ake kiran girmansu: wanda ake kira 0805, milimita 2 ne tsawonsa, wannan da tabarau mai kyau ka gama. 0603 milimita 1.6, har yanzu da dama. 0402 milimita 1 ne da rabin milimita a faɗi, nan an fara jin jiki. 0201 milimita 0.6. Na cikin wayoyin yanzu, 01005, milimita 0.4 ne da 0.2. In ka ɗauke shi da tuwiza ya zame, ba ka ƙara ganinsa, numfashinka ma kaɗai yana iya ɗauke shi daga kan tebur. Wannan babu tabarau a duniya da zai yi maka shi. Maikuroskof mai ido biyu za ka nema, irin mai ninkawa daga 7 zuwa 45, ka ɗaura masa gilashin 0.5 a ƙasa don tazarar ta ƙaru hannu da ƙarfen liƙi su sami wurin shiga. Mai kyamara da allo yana da daɗin nuna wa mai kaya inda ya ƙone, amma ba ya ba ka zurfi, ba ka sanin ko bakin ƙarfe ya taɓa ko saura kaɗan sai ka ga ya tura abu. Akwai kuma irin na likitocin haƙori, ninki 2.5 daga nisan kusan rabin mita, kana zaune a miƙe. Yana da kyau, sai dai filin da kake gani ƙarami ne.

Abu na ƙarshe a kan wannan: ka zaɓi gilashin folikabonet, shi ya fi jure duka, in ma da hali mai alamar gwajin kariyar ido, Z87 ko EN 166, a jikin firam. Amma kada asiton, sinadarin goge-goge, ya taɓa shi, nan take zai yi fari ya tsattsage.

To Injiniya, ranka ya daɗe, na zo kanka. Kuma daga kan wannan tabarau ɗin zan fara, don a jikinsa kaɗai akwai doka iri biyu, ba kuma ɗaya suke ba.

Ta farko. Tun 1972 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta ce gilashin tabarau sai ya jure gwaji: a saki ƙwallon ƙarfe mai nauyin wajen giram 16 daga tsayin santimita 127 ya faɗo a kansa, kada ya fashe. Me ya kawo wannan? Gilashi yana tarwatsewa a fuskar mutane yana shiga ido. Wannan doka ido take karewa, kuma ba ruwanta da inda aka yi kayan. Daga Italiya ya zo, daga Chaina ya zo, a gida aka yi, ƙwallon ɗaya ne.

Ta biyu. A jihar Oklahoma an taɓa yin doka cewa mai haɗa tabarau ba shi da ikon ya sa maka gilashi a firam sai da takardar likitan ido, ko da tsohon gilashinka ne firam ɗin ya karye kake so a sauya. Magana ta kai Kotun Ƙoli a 1955, shari'ar Williamson da Lee Optical, kotu ta ce ko da dokar ba ta da wani amfani sosai, wannan aikin majalisa ne ba na alƙali ba, ta bar ta. Abin dariyar, dokar ba ta taɓa masu sayar da tabarau na kanti ba. To idon wa ake karewa? Aljihun masu sana'a ne kawai. Har sai 1978 FTC, hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka, ta tilasta wa likita ya miƙa wa mutum takardar awonsa ya je inda ya ga dama ya saya. A Birtaniya ma sai 1989 aka bari a sayar da na karatu a kanti ba takarda, zuwa lamba +4. Irin wannan dokar, Injiniya, ina tare da kai, a soke ta kowa ya huta. An yi bincike a kan masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya, aka buga a 2018: waɗanda aka ba tabarau na kusa aikinsu ya ƙaru da wajen kashi 22 cikin ɗari. Duk abin da zai shiga tsakanin ma'aikaci da wannan ɗan gilashin ba tare da dalili ba, zalunci ne.

Amma cewa doka ce ta kori masana'antu, a nan muka rabu. Dubi su wa ke yin tabarau a duniya. Gaskiya ne garin Danyang a Chaina ana ƙiyasta yana fitar da kusan rabin gilashin tabarau na duniya. To amma babban kamfanin tabarau nan, Luxottica, fa? Leonardo Del Vecchio ya kafa shi a 1961 a Agordo, wani ƙaramin gari a tsaunukan arewacin Italiya. Ya sayi Ray-Ban daga hannun Amurkawa a 1999, ya sayi Oakley a 2007, ya haɗe da Essilor na Faransa a 2018. Eh, yana da masana'anta a Chaina, amma har gobe ana ƙera firam a Agordo. Kuma wa zai ce Italiya ba ta da dokar ma'aikata da ta muhalli? Garin Sabae a Japan shi ke yin sama da kashi 90 cikin ɗari na firam ɗin da ake ƙerawa a ƙasar. Japan ba ƙasar sakaci ba ce. Abin da waɗannan garuruwan suka haɗa shi ne kowa na kusa da kowa. Mai yanka, mai gogewa, mai fenti, mai yin ɗan sukurin hinji, mai gyaran injin, duk a kwari ɗaya, kuma ɗa ya gaji uba.

Haka lantarki. An mayar da garin Shenzhen na Chaina yankin ciniki na musamman a 1980, Chaina ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, shekara da shekaru ana tara masu hannu. Kason Amurka a ƙera cif, wato ƙwaƙwalwar na'ura, ya sauko daga kashi 37 a 1990 zuwa wajen 12 a 2020. Lokacin da Apple ya gwada haɗa kwamfutar Mac Pro a Texas, jaridar New York Times ta ba da labari a 2019 cewa sukuri ne ya tsayar da su, ƙaramin kamfanin da suka samu ba ya iya yin fiye da 1,000 a rana. Wace doka ce ta hana yin sukuri? Babu. Masu yin ne suka ƙare.

Kuma an gwada naka maganin, Injiniya. A 2017 jihar Wisconsin ta Amurka ta yi wa Foxconn, babban kamfanin haɗa kayan lantarki, irin sassaucin da kake nema. Aka yi alkawarin tallafi na wajen dala biliyan 3, aka ɗauke musu binciken tasirin muhalli na jiha, aka sassauta musu izinin cike fadama. Su kuma suka ce za su zuba dala biliyan 10, su ɗauki mutum 13,000. Da aka sake yarjejeniya a 2021, magana ta koma dala miliyan 672 da ayyuka 1,454. An tashi mutane daga gidajensu saboda wannan aikin fa. Doka ta kauce, masana'antar ba ta zo ba.

Sannan mu tambayi kanmu, dokokin nan daga ina suka fito? Ba daga sama suka faɗo ba. A 1981 aka gano tankin wata masana'antar cif ta kamfanin Fairchild a San Jose ta Amurka yana yoyon sinadarin wanke kaya cikin rijiyar da unguwa ke sha. Gundumar Santa Clara, wato cibiyar Silicon Valley ɗin da ake taƙama da ita, tana cikin waɗanda suka fi kowa yawan wuraren da gwamnatin tarayya ta sa a jerin masu guba da ake tsabtacewa. Wanda ya taɓa cin fanel da asid a gida ya san ruwan da ke saura, kore shar da tagulla a ciki. Ka ninka wannan sau miliyan, ka ce a zuba a kwata.

Wanda ya fi taɓa ni, tunda maganar ido muke, shi ne na Koriya ta Kudu, tsakanin 2015 da 2016. Ƙananan kamfanoni ne masu yanka wa manyan kamfanonin waya ƙananan sassa na alminiyam. Injin yana buƙatar ruwan da zai sanyaya wurin yanka. Etanol ya kamata a sa, sai suka sa metanol saboda ya fi araha. Ba isasshiyar iska, ba abin rufe fuska na kirki. Metanol jijiyar gani yake ci. Aƙalla ma'aikata 6 suka rasa ganinsu ko mafi yawansa, yawancinsu matasa, 'yan ashirin da 'yan talatin, 'yan aikin wucin gadi. Dokar tana nan a rubuce, mai dubawa ne bai kai can ƙasan ba. Ga mu nan muna ta lissafin yadda mai shekara arba'in da biyar zai ƙara shekara ashirin yana aiki da idonsa, can kuma an kashe na ɗan shekara ashirin da bakwai don a rage kuɗin galan.

Amma ba zan bar ka hannu rabbana ba, akwai inda kake da gaskiya, har wuri biyu. Na ɗaya, jinkiri. A Amurka, a shekarun baya, cikakken binciken muhalli na tarayya yakan ɗauki sama da shekara 4 a matsakaici. A harkar cif shekara 4 ai zamani ya wuce ka. Su kansu sun gane, bayan sun ware dala biliyan 52 da 'yan kai a dokar CHIPS ta 2022 ta tallafa wa ƙera cif, sai da suka sake wata a 2024 don ɗauke wa wasu ayyukan wannan dogon binciken. Kuma kuɗin gwaji da takardu kusan ɗaya ne ga mai yin na'ura 200 da mai yin miliyan 2. Babba ba ya ji, ƙarami ya durƙushe. Shi ya sa wani lokaci za ka ga babban kamfani da kansa yana goyon bayan sabuwar doka. Ba tsoron Allah ba ne, ƙofa yake rufewa a bayansa.

Na biyu, kuma a nan gizo ke saƙar. Akwai dokar da ke kan kayan, akwai dokar da ke kan yadda aka yi kayan. Ɗauki dokar RoHS ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Yulin 2006, wadda ta hana dalma a yawancin kayan lantarki. Mu muka fi kowa sanin ta, don tsohuwar dalmar liƙi 63/37, wato kuza kashi 63 da dalma kashi 37, tana narkewa a digiri 183, sabuwar sai wajen 217, ba ta gudu kamar ta da, ba ta sheƙi. Mun yi ƙorafi. Amma da yake a kan kayan take, masana'antar Shenzhen ma dole ta bi in tana son kasuwar Turai. Kowa ya ɗauki kayan daidai. Ita kuwa dokar ruwan datti, da ta hayaƙi, da ta lafiyar ma'aikaci, a bakin iyaka take tsayawa. Jami'in kwastan zai iya gwada fanel ya ga ko da dalma, amma ba zai duba shi ya gane da metanol aka yanka murfin ba. To mai masana'antar gida yana biyan kuɗin tace ruwa, abokin takararsa ba ya biya, kayansu kuma suna kanta ɗaya. Wannan koke ne na gaskiya. Sai dai maganinsa ba shi ne a ce kowa ya zuba guba ba. Turai ta fara gwada wata hanya tun Oktoban 2023, inda mai shigo da ƙarfe, siminti, alminiyam da taki zai bayyana hayaƙin da aka fitar wajen yin su, da nufin ya biya daidai da abin da na gida ke biya. Ƙasashe irin su Indiya da Chaina suna cewa kariyar kasuwa ce aka sa wa rigar muhalli, kuma ba za ka ce sam ba su da hujja ba.

Harajin da ka ce a lafta kuwa, ka duba yadda ya kasance a aikace. A 2018 da 2019 Amurka ta ɗora har kashi 25 cikin ɗari a kan sassa da yawa daga Chaina, har da fanel da kayan da ake dasawa a kai. Amma waya da laftof da aka gama haɗawa, an sa su a jerin ƙarshe, aka dakatar da jerin a Disambar 2019 kafin ya fara aiki, don ba ɗan siyasar da ke son mai zaɓe ya ga wayarsa ta yi tsada. Wato wanda ya ɗauki ma'aikata yana haɗa na'ura a cikin ƙasar shi ya biya haraji a kan kayan aikinsa, wanda ya haɗa tasa gaba ɗaya a waje ya shigo da ita salin-alin. Injiniya, wannan ɗin nake so ka warware min in ka turo taka muryar. Wassalam.